Yadda ake auna ƙarfin da ƙwayar halitta ke jan shimfiɗarta

Duk wanda ya yi aiki a ɗakin gwaje-gwajen asibiti ya san abin da ke faruwa in an ɗebi jini a kwalbar da ba ta da maganin hana daskarewa aka ajiye. Jinin ya daskare, bayan awa ɗaya ko biyu gudan ya tsuke, ya saki jikin kwalba, ruwa mai ɗorawa-ɗorawa ya tsatso a gefe. Ba wanda ya matse shi. Ƙananan ƙwayoyin jinin nan da ake kira pulaket su ne suka kama zaren fibirin suka ja. Haka ƙwayoyin fibroblas, masu saƙa naman da ke cike miki, ke jan bakin miki har ya haɗe, haka ƙwayar ciwon daji ke dafa abin da ke kewaye da ita ta kutsa. Wannan ja ana auna shi, kuma hanyar da ta fi dacewa da ɗakin gwajin da ba shi da manyan na'urori ita ce a shimfiɗa wa ƙwayar abu mai laushi wanda aka san taurinsa, a ga iya yadda ta motsa shi.

Dabarar ba ta da nisa da sikelin mahauta mai sifirin. Ka san taurin sifirin, ka ga iya inda ya miƙe, ka san nauyin nama. A nan sifirin ɗinka jel ne na poliakirilamid, irin wanda ake raba furotin da shi, mai kama da romon ƙafar sa in ya kwana ya daskare. Albert Harris ne ya fara nuna abin a 1980 a Amurka, lokacin da ya ɗora fibroblas a kan siririyar fatar silikon ya ga ta tattare a ƙarƙashinsu. Tattarewa ba ta lissaftuwa da kyau, shi ya sa Yu-li Wang da abokan aikinsa suka koma ga poliakirilamid a 1997, sannan a 1999 shi da Micah Dembo suka fitar da lissafin da ke mayar da motsin jel zuwa ƙarfi. Akwai wasu hanyoyin: gadon ƙananan turaku na roba da ƙwaya ke lanƙwasawa, wanda ɗakin gwajin Christopher Chen ya bayyana a 2003, da hantsakin hasken leza, da allurar AFM, na'urar da ke taɓa abu da siririn tsinke ta auna ƙarfi. Dukkansu suna neman ɗakin ƙira mai tsabta ko na'ura mai tsada. Jel kuwa, in ɗakinku yana SDS-PAGE, wato raba furotin da jel, a jami'ar Dan Dicko Dankoulodo ta Maradi ne ko a wani ɗakin bincike, rabin kayan suna kan kanta.

Abin da za a tanada

Ruwan akirilamid mai kashi 40 cikin ɗari, bis-akirilamid mai kashi 2, APS da TEMED (masu sa jel daskarewa), NaOH, APTES da gulutaraldehid (na shirya gilashi), Sulfo-SANPAH, HEPES da PBS (ruwan da ke daidaita pH), kolajin nau'i na ɗaya ko fibronektin (furotin da ƙwaya ke kamawa), da tiripsin (mai sa ƙwaya ta saki shimfiɗa). Sai lamel, wato siraran gilasan rufe samfur, masu faɗin milimita 25 na ƙasa, da zagayayyu masu milimita 18 na sama. Sai duwatsun ƙyalli, wato ƴan ƙwallayen polistirin masu faɗin mikromita 0.2 da ke ba da jan haske a ƙarƙashin mikuroskop; su ne alamomin da za ka bi. Sai fitilar UV mai nanomita 365, akwatin ɗumi mai digiri 37 da iskar CO2 kashi 5, da mikuroskop mai leƙe daga ƙasa wanda ke da fitilar ƙyalli da kyamara.

Akirilamid da bai daskare ba guba ne ga jijiyoyi, kuma yana ratsa fata. Ka sayi na ruwa, kada ka auna garinsa a ɗakin da fanka ke kaɗawa. Safar hannu ta nitiril dole ce. APTES da gulutaraldehid kuma a buɗe su a cikin akwatin da ke zuƙe tururi.

Zaɓen tauri

Wannan shawarar ita ce ta farko, kuma mutane suna yinta da ka, su yi nadama. Ƙiyasin mai sauƙi ne: motsin jel kusan matsin ƙwaya ne sau faɗin wurin da take ja, a raba da taurin jel. Da paskal ake auna matsi da tauri, dubunsa shi ne kilopaskal. A ce fibroblas na ja da paskal 300 a wuri mai faɗin mikromita 10. A kan jel mai kilopaskal 9, duwatsun za su gusa wajen mikromita 0.3. Kyamarar da ɗigonta ke da mikromita 6.5, a bayan gilashin 40x, kowane ɗigon hoto yana ɗaukar mikromita 0.16, ka ga gusawar ta kai ɗigo biyu, tana ganuwa sarai. A kan jel mai kilopaskal 40 ba za ta kai rabin ɗigo ba, ta nutse cikin hayaniyar hoto. A kan mai kilopaskal 1 kuma motsin zai yi yawa, amma ƙwayar ba za ta baje ba, za ta dunƙule ta zauna, domin ƙwaya tana jin taurin shimfiɗarta tana sauya hali. Aikin Adam Engler da Dennis Discher na 2006 ya nuna har makomar ƙwayoyin asali, masu iya zama ƙwayoyi iri-iri, tana bin wannan: a kan mai laushi sun karkata ga zama na jijiya, a kan mai tauri na ƙashi. Ga fibroblas, fara da abin da ke tsakanin kilopaskal 5 da 10.

Akirilamid kashi 5 da bis kashi 0.3 suna ba da kusan kilopaskal 8.7. Kashi 3 da 0.1 suna ba da kusan 1, kashi 8 da 0.48 kusan 40. Waɗannan alƙaluman jadawali ne, an same su a ɗakuna masu sanyi. Za mu dawo kan dalilin da ya sa ba za ka dogara da su kaɗai ba.

Shirya gilashi

Jel ba ya manne wa gilashi haka kawai, sai an yi masa ƙugiya. Ka shafa NaOH mai ƙarfin 0.1 M a kan lamel ɗin ƙasa, ka bar shi ya bushe har ya bar farin dusa-dusa. Ka ɗiga APTES ya rufe fuskar, minti 5. Sannan wanki, kuma a nan ne ake yawan yin sakaci: ka wanke da tsarkakakken ruwa sau uku, kowane minti 5 zuwa 10, kana girgizawa. Bayan haka ka zuba gulutaraldehid kashi 0.5 a cikin PBS, minti 30, ka sake wankewa, ka shanya. In ka ga gilashin ya yi ruwan goro ko ya yi tabo-tabo, APTES bai fita ba, ya haɗu da gulutaraldehid ya yi gurɓi. Wannan gurɓin yana ƙyalli da kansa, zai dusashe maka duwatsu a hoto. Zubar da shi ka sake.

Lamel ɗin sama akasin haka ake so, ya saki jel ba gardama. Ka goga masa Sigmacote ko Rain-X, masu hana ruwa kama gilashi, ka goge da takarda mai laushi har ya daina nuna shafi.

Lokacin hunturu, daga Disamba zuwa Fabrairu, kada ka shanya lamel a fili ko na minti biyar. Ƙurar da ke sauka a kan tebur a Maradi kafin a gama gaisawa ta isa ta bar rami a fuskar jel, kuma wasu ƙwayoyin ƙurar suna ƙyalli. A rufe su a faranti mai murfi, a tace duk ruwan da za a yi aiki da shi da matatar mikromita 0.22, ban da duwatsun kansu.

Haɗa jel

Ga mililita ɗaya na kilopaskal 8.7: akirilamid mikrolita 125, bis 150, tsarkakakken ruwa 704, duwatsun ƙyalli 10. Kafin ka ɗebi duwatsun ka sa kwalbarsu a wankan sauti, wato na'urar da ke jijjiga ruwa da sauti, na minti ɗaya ko biyu, ko ka girgiza ta sosai, don suna dunƙulewa. Ruwa ya fi PBS a wannan gauraye, saboda gishiri yana ƙara haɗa su guda-guda. Ka cire iskar da ke ciki da famfon zuƙa na minti 15. Iskar oksijin tana kashe daskarewa. Jel da aka haɗa ba a cire ta ba yakan fito da laushin da ba a nema ba, gefensa kuma yana yauƙi.

Sai ka ƙara APS mai kashi 10, mikrolita 10, da TEMED mikrolita 1, ka gauraya da bakin pipet a hankali ba tare da kumfa ba. Daga nan agogo ya fara. Ka ɗiga mikrolita 25 a tsakiyar lamel ɗin ƙasa, ka kwantar da na sama a kai daga gefe ɗaya, kamar mai rufe littafi, don kada iska ta maƙale. Faɗin lamel mai milimita 18 ya kai murabba'in milimita 254, saboda haka mikrolita 25 za su ba ka kaurin kusan mikromita 100. Kaurin nan da gangan ne. Lissafin da za a yi daga baya yana ɗauka cewa jel ba shi da ƙasa, to in ya yi siriri, ƙwayar za ta ji gilashin da ke ƙarƙashi, motsin ya ragu, lissafi ya ba ka ƙarfin da bai kai gaskiya ba. In ya yi kauri da yawa kuma gilashin mikuroskop ba zai hango samansa ba.

Zafi shi ne babban abin lura a nan. A Afrilu da Mayu, da ma'auni ke haura digiri 40, gaurayen kan fara kamawa tun yana bakin pipet, kuma jel da ya daskare da sauri cikin zafi saƙarsa daban take da wanda ya daskare a digiri 22. Ka ajiye kwalbar gauraye a kan ƙanƙara har lokacin ɗigawa, ka yi aikin da sassafe ko a ɗaki mai na'urar sanyi, kuma ka rubuta zafin ɗakin a littafinka kowane zubi. APS da aka narkar ba ya jure zafi, ka haɗa sabo ranar aiki, ko ka raba shi ƙanana-ƙanana a firiza. TEMED da ya koma rawaya ya lalace.

Ka bar ragowar gaurayen a kwalba ya zama shaida: in ya daskare, na kan gilashi ma ya kusa. Minti 30 ya isa. Ka nutsar da lamel ɗin a PBS na ƴan mintuna, ka zare na sama da bakin hantsaki ta gefe, kada ka ɗaga shi tsaye. Ka wanke sau uku don fitar da akirilamid da bai kama ba, ka bar jel ɗin ya kwana a PBS cikin firigo ya gama kumbura.

Akwai matsalar da za ka gani da ka leƙa: duwatsun sun watsu a duk kaurin jel, na ƙasa suna jefa hazo a kan na sama, alhali na saman kaɗai kake so. Masu mikromita 0.2 ba sa nutsewa da nauyinsu cikin rabin awa, kifar da lamel bai cika wadatarwa ba. Gyaran da ya fi inganci shi ne ka shafa wa lamel ɗin sama poli-L-lisin, mai sa abu ya manne, maimakon Sigmacote, ka ɗora masa duwatsun da aka tsarma su manne, ka busar, sannan ka rufe gaurayen da ba shi da duwatsu da shi. In ka zare, duwatsun sun koma fuskar jel a shimfiɗa guda.

Auna taurin da kanka

Jel ɗin shi ne ma'auninka, kuma duk kuskuren da ke cikin taurinsa yana shiga sakamako kai tsaye: in ka ɗauka 8.7 ne alhali 6 ne, duk ƙarfin da ka ruwaito ya ƙaru da kusan rabi, kuma ba wani hoto da zai tona maka. Ba sai da AFM ake aunawa ba. Daga gauraye ɗaya ka zuba wani jel mai kaurin milimita ɗaya. Ka ɗora masa ƙaramin ƙwallon ƙarfe mai faɗin rabin milimita yana cikin PBS, ka saita mikuroskop a kan duwatsun da ke ƙarƙashin ƙwallon, ka rubuta tsayin. Ka ɗauke ƙwallon da maganaɗisu, ka sake saitawa a kan duwatsun nan, bambancin shi ne zurfin lotsawa. Lissafin Hertz ne: E = 3(1 − ν²)F ÷ (4 × √R × δ^1.5), inda E taurin jel ne, R rabin faɗin ƙwallo, δ zurfin, ν alƙalamin Poisson na yadda jel ke bajewa gefe in an danne shi, kusan 0.5, F kuma nauyin ƙwallon bayan an cire abin da ruwa ya ɗauke masa. Ƙwallon ƙarfe mai rabin milimita yana danna da kusan mikroniyuton 4.4, kuma a jel mai kilopaskal 8.7 zai lotsa kusan mikromita 7. Wani zai so ya ciro ƙwallon bakin biro ya yi da shi. A sani da yawansu ba ƙarfe ba ne, tangistin kabaid ne, wanda ya kusa ninka ƙarfe nauyi, sai an sauya alƙalamin F. A auna wuri biyar aƙalla, kuma a maimaita duk lokacin da aka buɗe sabuwar kwalbar akirilamid ko yanayi ya juya.

Manna furotin

Ƙwaya ba ta kama poliakirilamid tsirara, kuma furotin ma ba ya zama a kai sai da gada. Gadar ita ce Sulfo-SANPAH: baki ɗaya yana kama jel in hasken UV ya buge shi, ɗayan yana kama furotin. Abin yana da zuciya. Ruwa yana kashe bakin da ke kama furotin cikin ƙanƙanin lokaci, haske kuma yana kashe ɗayan. Ka narkar da shi a busasshen DMSO, ka raba ƙananan kwalabe, ka naɗe da takardar alminiyom, ka ajiye a firiza mafi sanyi da kake da ita. In ka ciro kwalbar gari daga sanyi, musamman da damina, ka bari ta kama ɗumin ɗaki kafin ka buɗe, in ba haka ba raɓa za ta sauka ciki. In firizar ta narke saboda ɗaukewar wuta, kada ka amince da abin da ke ciki sai ka gwada.

Ka tsarma shi zuwa miligiram 0.5 a mililita cikin HEPES 50 mM mai pH 8.5 a daidai lokacin amfani, ka tsane ruwan saman jel, ka rufe fuskar da shi, ka sa ƙarƙashin UV minti 10 a tazarar ƴan santimita. Launinsa zai tashi daga ja-ja zuwa ƙasa-ƙasa. Ka wanke da HEPES sau biyu da hanzari, nan take ka zuba kolajin miligiram 0.1 a mililita, ko fibronektin mikrogiram 25 a mililita, ya kwana a digiri 4. Kada Tris ko gilisin su kusanci wannan matakin, suna da irin hannun da furotin ke da shi, za su cinye gadar. Kolajin kuma a riƙe shi cikin sanyi, in ya ji ɗumi yana saƙa zare ya kwanta guda-guda.

Washegari ka wanke da PBS, ka kashe ƙwayoyin cuta da UV na akwatin aiki minti 30, ka jiƙa jel ɗin a ruwan rainon ƙwayoyi na awa ɗaya a digiri 37. Ka shuka ƙwayoyi tsiraru, wajen 2000 a murabba'in santimita, yadda kowace za ta zauna ita kaɗai. In biyu suka kusanci juna, jansu yana cuɗewa. Ka ba su daga awa 6 zuwa kwana. In ka dawo ka tarar sun baje a kan gilashin gefe amma a kan jel sun dunƙule kamar ƙwan kifi, laifin Sulfo-SANPAH ne kusan kullum.

Ɗaukar hoto

Hoto uku kake bukata a kowace ƙwaya: siffarta da farin haske, duwatsun da ke ƙarƙashinta tana ja, da duwatsun nan bayan an cire ta jel ya koma yadda yake. Na ukun shi ne sifilin sikelinka, kuma shi ya fi saurin lalacewa.

Ka kunna ɗumin mikuroskop awa ɗaya kafin aiki, ƙarfe yana miƙewa in yana ɗumama, saiti ya riƙa zamewa. In babu CO2 a kan mikuroskop, ka ƙara HEPES 25 mM a ruwan raino. Ka duba nisan aikin gilashinka: sai ya ratsa lamel mai mikromita 170 da jel mai 100, kuma wasu gilasan da ake ɗiga wa mai ba sa kaiwa. Na ruwa ko busasshe mai dogon zango ya fi. Ka saita a kan shimfiɗar duwatsu mafi sama. Ka manne farantin da tef, ka cire murfi tun kafin hoton farko, don kada ka taɓa shi daga baya. Sannan ka ɗiga tiripsin daga sama, bakin pipet bai taɓa komai ba, kuma ya kasance mai ɗumin digiri 37, domin ruwa mai sanyi yana gusar da saiti. Ka jira har ƙwayar ta saki ta taso, ka ƙara minti 10, ka ɗauki na ukun a tsayi ɗaya da na biyu. In wuta ta ɗauke tsakanin hoto na biyu da na uku, teburin mikuroskop mai inji ya manta wurarensa, aikin ranar ya tafi. Saboda haka mikuroskop da kwamfuta su kasance a kan batirin ajiya, janareto kuma nesa da bangon ɗakin saboda jijjiga.

Lissafi

Fiji, manhajar nazarin hoto, kyauta ne, kuma ƙarin manhajojin PIV da FTTC da Qingzong Tseng ya rubuta suna aiki a cikinsa. Da farko ka daidaita hotunan duwatsun biyu ta amfani da kusurwar da ke nesa da ƙwaya, inda bai kamata komai ya motsa ba. Wanda ya tsallake wannan zai ga kibiyoyi duk sun fuskanci gefe ɗaya, wannan zamewar faranti ce, ba ƙwaya ba. PIV yana yanka hoton gida-gida yana neman inda kowane gida ya koma. Ka fara da gida mai ɗigo 128, sai 64, sai 32, kuma ƙaramin gidan ya ƙunshi duwatsu huɗu ko biyar aƙalla. FTTC, hanyar da James Butler da abokansa suka fitar a 2002 bisa lissafin Joseph Boussinesq na 1885, shi ke mayar da gusawa zuwa matsi. Za ka ba shi girman ɗigo, taurin da ka auna, da ν.

Zai kuma nemi alƙalamin lallashi, lamda. Juya lissafin daga motsi zuwa ƙarfi yana kumbura ƙaramar hayaniya ta zama manyan ƙarfafa na ƙarya, lamda ke danne su. In ta yi kaɗan, taswirar za ta cika da tabo har inda babu ƙwaya. In ta yi yawa, komai ya shafe, ƙarfin ya ragu. Ka zaɓi mafi ƙanƙantar da ke tsabtace wajen ƙwaya, sannan ka riƙe ta ɗaya ga duk samfuran da za ka gwama. Sauya ta tsakanin rukuni biyu yana iya haifar da bambancin da babu shi.

Taswira mai kyau tana nuna kibiyoyi a gefunan ƙwaya suna nuni zuwa ciki, matsin yana daga paskal ɗaruruwa zuwa kilopaskal kaɗan, tsakiya kusan shiru. In ka tara kibiyoyin ƙwayar da ke zaune ita kaɗai, kowace da fuskarta, jimlar ta kusanci sifili. In ta yi nisa da shi, akwai maƙwabciya a gefen hoto ko daidaitawa ba ta yi ba. Ka yi lissafin nan a wurin da babu ƙwaya don ka san ƙasan hayaniyarka. Ka kuma ware faranti guda ka zuba masa blebbistatin 20 µM, wanda ke tsayar da miyosin, furotin da ƙwaya ke ja da shi, ko Y-27632 10 µM, wanda shi ma ke rage aikin miyosin: cikin rabin awa zuwa awa ɗaya ja ya kamata ya faɗi warwas. Blebbistatin yana zama guba ga ƙwaya a ƙarƙashin shuɗin haske, wannan na cikin dalilan zaɓen jajayen duwatsu maimakon koraye. Ƙwayoyi kuma sun bambanta ƙwarai ko a faranti ɗaya, mai faɗi ta fi ƙarama ja, don haka ka auna 20 zuwa 30 a kowane rukuni, daga zubin jel uku mabambanta, kana rubuta faɗin kowace a gefen ƙarfinta.